Makonni 12 a Granada: Ɗalibin da Ya Zauna Cikin Masu Sifaniyanci Amma Kunnensa Ya Ƙi Buɗewa

Asalin lamarin

Ɗalibin da wannan nazari ya shafa injiniyan noma ne ɗan shekara 29. Hausa ce harshen uwarsa, da Turanci kuma ya yi jami'a. Yana neman gurbin digiri na biyu a fannin noman rani a wata jami'a da ke yankin Andalus, kudancin Sifaniya, inda lardin Almeriya ya yi suna da gonakin rumfar leda masu kai tumatir da tattasai kasuwannin Turai. Da Sifaniyanci ake koyar da kwas ɗin, kuma jami'ar ta ce sai da takardar shaidar harshe ta matakin B1.

Ma'aunin harsuna na Turai yana da matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1 da C2. Mai B1 shi ne wanda zai iya biyan buƙatunsa na yau da kullum, ya ba da labarin abin da ya faru, ya faɗi ra'ayinsa da dalilinsa. Takardar da ɗalibin ya nufa ita ce DELE, wadda Cibiyar Cervantes, da aka kafa a 1991, take bayarwa a madadin ma'aikatar ilimi ta Sifaniya, kuma wa'adinta ba ya ƙarewa. Jarrabawar B1 kashi huɗu ce, kowanne maki 25: fahimtar karatu minti 70, sauraro minti 40, rubutu minti 60, sai magana minti 15 bayan an ba mutum wasu minti 15 na shiri. Ana haɗa karatu da rubutu rukuni ɗaya, sauraro da magana rukuni ɗaya, kuma dole a sami maki 30 cikin 50 a kowane rukuni. Ƙarfin karatu ba ya cike gurbin raunin sauraro.

Kafin ya taso ya yi wata takwas yana koyo shi kaɗai da manhajar waya da littafin nahawu, kusan rabin awa a rana. Bai taɓa yin hira da mai harshen ba.

Shirin tafiya

Bizar Shengen ta gajeren zama, wadda ake shiga Sifaniya da sauran ƙasashen Turai da dama da ita, kwana 90 take bayarwa cikin kowane kwana 180, kuma sai an nuna inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Zaman da ya wuce haka yana buƙatar bizar karatu ta dogon zama, mai takardu da jira fiye da wannan. Saboda haka aka tsara makonni 12, wato kwana 84, daga farkon Satumba zuwa zaman jarrabawar DELE na Nuwamba.

Ya zaɓi Granada, wani birni a yankin Andalus, don rayuwa ta fi sauƙin kuɗi a can a kan Madrid da Barcelona, akwai mahautan halal, akwai kuma babban masallaci a unguwar Albaicin da aka buɗe a 2003. Makarantar koyon harshen da ya shiga tana cikin waɗanda Cibiyar Cervantes ta amince da su. Ya biya kwas mai zurfi na darasi 20 a mako, kowane darasi minti 50, daga ƙarfe 9 na safe zuwa wajen ƙarfe 1. Masauki kuwa ya ɗauki zama a gidan iyali da abinci sau biyu, karin kumallo da na dare. A fom ɗin masauki akwai gurbin da ake rubuta abin da mutum ba ya ci. Ya bar shi babu komai, don yana ganin rashin ta-ido ne baƙo ya shimfiɗa wa masu gida sharaɗi tun bai iso ba.

Mako na 1 da na 2

Gwajin ranar farko ya sa shi a A2 a rubuce, A1 a baka. Aka sa shi ajin A2 mai ɗalibai tara, akasarinsu daga Amurka, Jamus da Holand. A aji ba shi da matsala: malamai suna magana a hankali, suna furta kowane harafi, kuma aikin gida yana fitowa daidai.

A gida ne abin ya tsaya. Uwar ɗakin dattijuwa ce da ta daɗe tana saukar ɗalibai, kuma a lokacin su uku ne a gidan. Sauran biyun Turanci suke yi da juna, shi ma da shi suke yi masa magana. Maganar dattijuwar kuwa ba ta yi kama da ta aji ba. Mutanen Granada suna haɗiye s ta ƙarshen kalma, suna zubar da d da ke tsakanin wasula, suna gutsure kalmomi: "los niños" ya koma kusan "lo niño", "cansado" ya koma "cansao", "para" ya zama "pa", "nada" ya zama "na". Ɗalibin da ya koyi gane jam'i da s, ya kuma koyi bambance "hablas" (kana magana) da "habla" (yana magana) da s, sai ya ga an ɗauke masa alamar da yake dogaro da ita.

Abinci ya ƙara nisanta shi da teburin. Naman alade a girkin yankin ba a fili kaɗai yake ba. Yana cikin romon da aka dafa da ƙashin cinya, yana cikin tsiran chorizo da ake jefawa a tukunyar wake, yana cikin croquetas, man alade kuma yana shiga wasu kayan fulawa. Ba shi da kalmomin da zai tambaya, kuma kunya ta hana shi neman makaranta ta tambaya masa. Daga kwana na huɗu sai ya riƙa cewa ya ƙoshi, ya fita ya ci a shagunan 'yan Maroko da ke titin Calderería Nueva. Karin kumallo kuwa burodi ne da kofi, a tsaye ake yinsa cikin minti biyar.

Mako na 3 da na 4: abin da aka fara gwadawa

Da ya kai kuka ofishin makaranta cewa ba ya jin magana, bai ambaci abinci ko ɗaliban gidan ba. Aka ba shi shawarar da aka saba bayarwa: ƙarin darasi. Ya koma darasi 30 a mako, goma daga ciki da yamma a ajin hira mai ɗalibai takwas. Ya kuma ƙara awa biyu na nahawu da dare a ɗakinsa.

Ya gwada taron musayar harshe da ake yi a wata mashaya sau biyu a mako. Granada gari ne na jami'a (tun 1531 take da ita) kuma tana cikin wuraren da ɗaliban musaya na Turai suka fi zuwa. 'Yan garin da ke halartar irin wannan taro Turanci suka zo koyo, kuma da suka ji nasa ya fi nasu sai hira ta karkata can. Ga kiɗa da hayaniya, ga shi ba ya sakewa a wurin shan giya. Ya je sau huɗu ya daina.

A ƙarshen mako na 4 maki na nahawu ya hau, aka ɗaga shi zuwa ajin farkon B1. Barcinsa ya ragu zuwa awa biyar da wani abu. A farkon Oktoba ya biya kuɗin rajistar jarrabawa, don ana rufe ta makonni da dama kafin ranar.

Mako na 5: jarrabawar gwaji

Wata malama mai shirya ɗalibai don DELE ta ba shi cikakkiyar jarrabawar gwaji da agogo. Karatu maki 18, rubutu 13, jimla 31, ya tsallake da ƙyar. Sauraro ya amsa 10 daidai cikin tambayoyi 30, wato maki 8 da ɗoriya, magana 11. Jimlar rukunin 19 ce, ana neman 30.

Malamar ta sa ya rubuta kwana uku a jere, awa bayan awa, da wane harshe ya yi magana kuma na minti nawa. A aji lissafin a bayyane yake: darasi huɗu minti 200 ne, malami yana ɗaukar wajen rabi, ragowar 100 in aka raba wa mutum tara bai fi minti 11 ba. Ajin yamma ya ƙara masa minti shida zuwa bakwai. A gida bai kai minti biyar ba, gaisuwa ce da sai da safe. Duka-duka Sifaniyancin da ke fita daga bakinsa bai kai rabin awa a yini ba, alhali Turanci da Hausa, da abokan aji da waya zuwa gida, sun haura awa uku. A wannan zaman ne maganar abinci ta fito.

Ta kuma naɗi muryarsa ta minti biyar, ta fitar da kurakurai huɗu masu maimaituwa. Yana haɗa p da f, har "pino" da "fino", "presa" da "fresa" su fito iri ɗaya. Yana cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, "trabajo" ya zama "tarabajo". Yana kuskuren gaɓar da ake dannawa, sai "hablo" (ina magana) da "habló" (ya yi magana) su rikiɗe, wanda ke sauya mai aikin da lokacin gaba ɗaya. Na huɗu, yana gina jimla da Turanci a zuci sannan ya juya ta, shi ya sa yake tsayawa daƙiƙa uku ko huɗu kafin kowace amsa.

Mako na 6: sauye-sauye

An canza gida. Makarantu masu tsarin masauki sukan yarda da sauyi in aka kawo dalili, kuma a nan an ɗauki kwana biyar. Sharuɗɗan da aka rubuta uku ne: ya kasance shi kaɗai ne ɗalibi a gidan, abinci sau uku, kuma iyalin su kasance masu cin abincin rana tare. Aka samu mata da miji masu ritaya a unguwar Zaidín, tare da jikarsu 'yar sakandare da ke cin rana a wurinsu. Babu mai jin Turanci sosai a cikinsu. Malamar ta taya shi rubuta takarda mai layi shida da Sifaniyanci: ba ya cin alade da duk abin da aka yi da romonsa ko mansa, ba ya cin abin da aka dafa da giya, yana cin kifi, ƙwai, wake da kayan lambu, nama kuma zai nuna mahaucin halal. Ya ƙara da cewa ranar Juma'a zai makara saboda masallaci. Uwar gidan ta karɓa ba tare da wata damuwa ba, makaranta ta ƙara ɗan kuɗi kaɗan na abinci na musamman.

Abincin rana shi ne babban abinci a Sifaniya, tsakanin ƙarfe 2 da 3, kuma ba a tashi da an gama. Ana zama a ci gaba da hira, abin da suke kira sobremesa. Ƙarfe 3 kuma labaran Telediario suke farawa a tashar gwamnati, mai gidan yana kallo yana sharhi. Wannan ya ba ɗalibin abu biyu a zama ɗaya: Sifaniyancin mai karanta labarai, irin wanda ya fi kusa da na jarrabawa, da na mai gida a kan batu guda. An roƙi iyalin abu biyu kawai: kada su canza yadda suke magana, sai dai su maimaita in ya nema, kuma kowace rana wani ya tambaye shi abin da ya yi jiya.

An soke darasi goma na yamma, aka mayar da kuɗinsu darasi biyar na mutum ɗaya, ɗaya kowace rana, kuɗin ya zo kusan daidai. Tsarin darasin bai canza ba har ƙarshe: minti 10 na furuci, minti 15 na shifta daga sautin rediyo da bai wuce minti biyu ba, minti 25 na magana a kan irin ayyukan jarrabawa, wato bayanin hoto, gabatar da batu da wasan tattaunawa. Sautin shiftar ana juya shi tsakanin muryoyin Sifaniya, Meziko, Kolombiya da Ajantina, domin jarrabawar tana kawo lafazin ƙasashe daban-daban.

Gyaran p da f da madubi aka yi shi. Yawancin Hausawa da leɓɓa biyu suke furta f, sautin da ke tsakanin biyun, don haka sai an koyi duka biyun sabo: p leɓɓa su rufe ruf sannan su buɗe, f haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa iska na fita. Kalmomi bibbiyu goma, safe da dare. Ta wani gefen harshen uwarsa ya sauƙaƙa masa: wasulan Sifaniyanci biyar ne kamar na Hausa, kuma r mai kaɗawa ta "perro", wadda Amurkawan ajinsa suka yi makonni suna fama da ita, tun ranar farko yana da ita.

Nahawu kuwa an daina bi da shi ta Turanci. Wurare uku da suka fi wahalar da ɗaliban B1 suna da makwafi a Hausa. Bambancin "ser" da "estar" ya yi kusa da na "shi malami ne" da "yana gida". Lokutan da suka wuce guda biyu, "fui" da "iba", suna tafiya da bambancin "na je" da "ina zuwa" ko "nakan je" a cikin labari. Sigar fata da umarni, wadda ake kira subjuntivo, ginin ta ɗaya da na "ina so ka zo": "quiero que vengas", mai aiki na biyu da tasa sigar. Kuskurensa na "quiero tú venir" daga Turanci ya taso, kuma ya ɓace cikin kwanaki da aka nuna masa haka. Kamancen ba cikakke ba ne, an gaya masa. Sunaye masu ƙarewa da a galibi mata ne a harsunan biyu, amma "el día", "el problema" da "el mapa" maza ne, "la mano" kuma mace ce, waɗannan sai hadda.

An rage karatun dare zuwa minti 45, an ware wa kiran gida lokaci ɗaya bayan isha'i.

Mako na 7 zuwa na 9

Sabon lissafin mintuna a mako na 7 ya nuna minti 95 zuwa 110 na magana a yini. Makon bai yi daɗi ba. Yana tashi daga tebur da ciwon kai, kuma sau da yawa yana cewa "sí" ga abin da bai ji ba. Jikar gidan ce ta gano haka, aka yi yarjejeniya cewa duk lokacin da ya ce "sí" za a iya neman ya maimaita abin da aka faɗa da nasa kalmomin.

A mako na 8 ya fara bin hirar mutum biyu in ya san batun. In mutum uku suka haɗa baki, ko aka sauya batu ba zato, yana ɓacewa. A ƙarshen Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, sanyi ya sauko daga tsaunukan Sierra Nevada, mura ta kwantar da shi kwana uku, hutun 1 ga Nuwamba ya zo a kan haka. Sanyin ya zo da amfaninsa: gidajen Andalus da yawa ba su da ɗumama ta ko'ina, sai iyali su taru a teburi mai dogon mayafi da abin ɗumi a ƙarƙashinsa, mesa camilla. Zaman yamma da yake yi a ɗaki ya koma falo.

Gwaji na biyu a ƙarshen mako na 9: karatu 20, rubutu 15, sauraro amsa 17 cikin 30, wato maki 14, magana 15. Rukuni na biyu ya tashi 29, saura maki ɗaya.

Mako na 10 zuwa na 12

An duba tambayoyi 13 da ya faɗi a sauraro. Takwas daga ciki ba rashin ji ba ne: yana karanta zaɓin amsa a lokacin da sautin ke tafiya, ko ya zaɓi amsar da ta ƙunshi kalmar da ya ji alhali ma'anar ta saɓa. Ana saka kowane sauti sau biyu, don haka aka koya masa ya karanta tambayoyi a daƙiƙun da ake bayarwa kafin farawa, ya saurari karon farko ba tare da ya rubuta komai ba, ya amsa a na biyu. Darasin mutum ɗaya ya koma gwajin magana da agogo, tare da wani malami da bai saba da muryarsa ba. Ba a ƙara sabon nahawu ba a makonni biyu na ƙarshe. Ya zauna jarrabawa a mako na 12, ya bar ƙasar kafin bizarsa ta cika.

Sakamako

Sakamakon DELE yakan ɗauki wata biyu zuwa uku. Ya fito a farkon sabuwar shekara da "apto", wato ya ci: rukunin karatu da rubutu 37, rukunin sauraro da magana 34, sauraro kusan 16, magana 18. Ya shigar da takardar cikin neman gurbinsa. Furucin p da f ya daidaita in yana karatu ko magana a natse, yana dawowa in ya yi sauri. Hirar titi tsakanin 'yan Granada har ya tafi rabi yake kamawa.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Makonni biyar na farko sun tafi ne a kan zaton cewa zama a ƙasar shi kansa yana koyar da harshe. Lissafin mintuna ya rushe wannan zato: mutum yana tsakiyar Granada, yana biyan darasi 30, amma bakinsa bai yi rabin awa yana aiki ba. Ƙarin darasin aji ya kasa ne domin ya ƙara ƙarfi a rukunin da dama ya tsallake, ya kuma cinye lokacin abincin rana da barci. Taron musayar harshe ya kasa domin mai Turanci mai kyau a irin wannan wuri malami yake zama. Laifin bai rataya a kan uwar ɗakin farko ba, ta yi abin da aka biya ta. Gida mai ɗalibai uku da abinci sau biyu masauki ne kawai, kuma gurbin da aka bari a fom ya raba ɗalibin da ɗan abin da gidan zai iya ba shi.

Sauyin gida shi ya fi kowane mataki nauyi, domin shi ya ninka mintunan magana kusan sau huɗu ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba. Amma shi kaɗai da bai isa ba. Iyali ba sa gyara furuci, in sun gane abin da ake nufi sai su wuce, kuma da an bar shi da lafazin Granada zalla da muryoyin Latin Amurka sun ba shi mamaki a ɗakin jarrabawa. Darasin mutum ɗaya ne ya riƙe wannan ɓangaren. Dabarar amsa tambaya ta makonni biyun ƙarshe ta kawo maki biyu ko uku, kuma a wannan lamarin sun isa su cike tazarar da ke tsakanin 29 da ci.

Da an yi gwajin farko da lissafin mintuna a mako na 2, da makonni uku ba su salwanta ba, kuma da wataƙila ya shiga jarrabawa da tazara mai kwantar da hankali. B1 ɗin da ya samu ya cika sharaɗin shiga, amma lacca ta awa biyu a kan kimiyyar ƙasa da ruwa tana neman kunnen B2. An ba shi shawarar ya ci gaba da darasin mutum ɗaya ta intanet sau uku a mako da shiftar rediyo kullum, kuma in gurbin ya tabbata ya dawo makonni shida kafin a buɗe jami'a, ya sauka a gidan iyali a garin da zai yi karatun.